Yadda Mazaunin Zango a Kumasi Zai Bi Sawun Kuɗin Raya Unguwarsa

Idan lambatu ya toshe a Aboabo, ko ginin makaranta ya tsaya a Sawaba, sau da yawa an riga an ware kuɗin aikin, abin da ya rage shi ne a sami wanda zai tilasta wa mai riƙe da su ya yi bayani. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya wajabta a ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ga asusun majalisun gundumomi, kuma Majalisar Asokore Mampong, wadda aka kafa a 2012 kuma unguwannin Aboabo da Sawaba suke ƙarƙashinta, tana da rabonta, ban da harajin gidaje da kuɗin tikitin kasuwa da take karɓa.

Da farko ka san wanda za ka riƙe. Shugaban ƙasa ne yake gabatar da sunan shugaban zartarwa na majalisar, kashi biyu cikin uku na ƴan majalisar da suka kaɗa ƙuri'a su amince, saboda haka idonsa ya fi karkata ga Accra. A ganina nan ne babban raunin tsarin yake. Amma ɗan majalisar unguwarku da ƙuri'arku ya hau, kuma bayan shekara huɗu zai dawo neman ta, don haka shi za ka fara tambaya: nawa aka sa wa unguwar a kasafin bana, kuma wane ɗan kwangila aka ba aikin?

Idan ya yi ta kewaye-kewaye, sai ka koma ga Dokar Ƴancin Samun Bayanai ta 2019. Ka rubuta takarda zuwa ga jami'in bayanai na majalisar, ka ambaci aikin da wurinsa da shekararsa, ka nemi kwafin kwangilar da adadin abin da aka biya, sannan ka tabbata an buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka kwafin. Doka ta ba shi kwana 14 ya yanke hukunci, kuma wanda bai iya rubutu ba yana da damar nema da baki. In an hana, akwai ɗaukaka ƙara zuwa ga shugaban ma'aikatar, daga nan zuwa hukumar da ke kula da dokar.

Kada ka tafi kai kaɗai; takardar da liman da ƙungiyar matan kasuwa da matasa suka sa wa hannu ta fi wuyar jefawa cikin durowa. Ku kuma gwada amsar da rahoton shekara na Odita Janar, wato babban mai binciken kuɗin gwamnati, wanda kwamitin binciken kuɗin jama'a na majalisar dokokin ƙasa, ƙarƙashin ɗan adawa, yake kiran jami'an gundumomi su amsa tambayoyi a kansa a bainar jama'a.