Kurakuran da aka fi yi wajen rage faɗin tayar motar rimot mai hawan dutse

Masu ƙananan motocin rimot irin su Axial SCX10 da Traxxas TRX-4 kan rage faɗin taya don ta daina gogar jikin mota idan an karya kan sitiyari, ta kuma riƙa shiga tsagin dutse. Aikin reza ne da gam: a yanke siririn zobe a kewayen tsakiyar tayar, a cire shi, a manne ɓangarorin biyu da suka rage. Amma a nan ake asarar taya huɗu a zama ɗaya.

Babban kuskuren shi ne a yanke taya a bar soson cikinta, wanda ke riƙe ta maimakon iska, yadda yake. Soso mai faɗi a cikin taya siririya sai ya dunƙule, ya cika ta tam, tayar ta yi tauri ta kasa lanƙwasawa a kan dutse, alhali laushin nan shi ne riƙonta. Duk milimitar da ka cire wa taya, cire wa soso kwatankwacinta, sannan ka ɗan sassabe gefunansa da almakashi. Haka wili: idan shi kaɗai ka rage wa faɗi, tayar za ta yi tozo a tsakiya, ta riƙa naɗewa ƙarƙashin mota a gefen gangare.

Sai yanka da ido. Naɗa tef a kewayen tayar ya zama maka layi, ka sa sabuwar reza, ka bi ta inda haƙoran ɓangarorin biyu za su haɗu daidai. Yi wa kowane ɓari alama kafin ka raba, domin wasu tayoyin haƙoransu gefe guda suke kallo.

Gam kuma mutane sun cika hannu da shi. Sufa gulu idan ya yi yawa yakan bushe ya zama zobe mai tauri a tsakiyar roba. Goge bakin yankan da sifirit tukuna, don sabuwar taya tana da maiƙon masana'anta. Ɗiga gam a wurare huɗu da ke fuskantar juna, sannan ka cike tsakaninsu kaɗan-kaɗan.

A wili, ko mai inci 1.9 ne ko 2.2, lura da gefen da ka rage. Idan tayoyin suka matso ciki, tazarar hagu da dama ta ragu, motar ba ta da wuyar kifewa. Maganinsa a sa mazaunin wili mai kusurwa shida, mai faɗin milimita 12, wanda ya fi na da kauri, ya turo su waje. Ka gama taya ɗaya, ka ɗaura ta, ka karya sitiyari hagu da dama kafin ka taɓa sauran ukun.