Yadda na shawo kan masai marar tanki da ya ƙi kora ruwa

Alhamdu lillahi, yau masan nan marar tanki na sabon banɗakinmu ya fara aiki. Da, in an danna, ruwa ne kawai ke tsiyaya, ƙazanta na zaune.

Na fara zaton toshewa ce, aka zura waya, babu komai. An canza robar bawul, wato abin da ke sakin ruwa in an danna, shiru.

Ashe matsin ruwa ne. Irin wannan masai kai tsaye yake sha daga bututu, yana son matsi kamar bar 1.7 (bar ma'aunin matsi ne). Tankin ruwan gidanmu mita 4 yake sama da masan, kowace mita ta tsayi kuwa bar 0.1 take bayarwa, wato 0.4 ke nan. Ga bututun rabin inci ne, ya yi siriri.

Mai gyaran famfo ya rufe ruwa, ya sauya bututun zuwa inci 1 tun daga tanki. Ya ɗaura injin ƙara matsi mai ƙaramar tukunyar iska, ya saita shi ya tashi a bar 2, ya tsaya a 3. Sannan ya kwance sukurun da ke gefen bawul kaɗan-kaɗan har ruwan ya kora komai ba tare da fantsama ba. Allah ya saka masa.

Amma in an ɗauke wuta, sai bokiti. Shi ya sa banɗakin yara na bar musu mai tankinsu.