Yadda za ka rubuta sunan ƙasar Ailan daidai: Éire ko Ireland?

Sashe na 4 na kundin tsarin mulkin 1937 ya ba ƙasar suna biyu: Éire a harshen Irish, Ireland a Turanci. Saboda haka, fara duba harshen da kake rubutu da shi. In Irish ne, sa Éire, kamar yadda yake a jikin tambarin wasiƙa da sulallan ƙasar. In Turanci ne, sa Ireland kawai.

Kada ka cusa Éire cikin jimlar Turanci. Gwamnatin Birtaniya ta daɗe tana yin haka, tun dokarta ta 1938, don kada ta amince sunan Ireland ya haɗa da Arewacin Ailan, yankin da ke ƙarƙashin Birtaniya, shi ya sa 'yan ƙasar da yawa ke jin haushin hakan. Sai bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Arewacin Ailan ta 1998 aka sasanta.

Kula da karan da ke kan É. In ka cire shi, eire na nufin kaya mai nauyi. A Windows, danne Alt ka buga 0201.

"Republic of Ireland" kuwa, dokar Ailan ta 1948 ta kawo shi a matsayin siffantawa, ba suna ba. Éireann kuma siffar mallaka ce ta Éire, wato "na Ailan", kamar a Dáil Éireann, majalisar wakilan ƙasar.