Kafin ku sayi kayan kwana a sansani da mota

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda mota ce za ta kai kayan har inda za ku kafa tanti, ku daina damuwa da nauyi. Wannan ciwon kan masu tafiya a ƙasa da jaka a baya ne. Ku dai nemi abin da zai ba ku barci mai daɗi.

In an rubuta tanti "na mutum 4", kafaɗa da kafaɗa aka ƙirga, babu wurin jaka. Ku biyu ko uku, shi za ku ɗauka. Ku tabbatar rufinsa na kare ruwan sama ya sauko kusa da ƙasa, kuma ku gwada kafa shi a gida tukuna, kada dare ya riske ku kuna laluben turaku.

Shimfiɗa kuwa ita aka fi rainawa, ni kuma ita nake fara dubawa. Ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki, kuma jakar barci ba ta hana hakan, domin ɓangaren da aka danne ya riga ya lotse. Ku duba lambar R a jikin katifar, wato ma'aunin yadda take tare sanyin ƙasa: 2 ta isa lokacin zafi, in da sanyi sosai a nemi 4 ko sama.

Fitilar goshi ta fi tocila, domin tana barin hannuwa biyu a sake.

Don Allah, kada ku shigar da risho ko gawayi cikin tanti, ko da ana ruwa. Iskar kabon monoksayid, gubar da suke fitarwa in suna ci, ba ta da wari, ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci.