Yadda Iyayen Yara Masu Naƙasa Za Su Kafa Ƙungiyar Taimakon Juna a Karkarar Maraɗi

A ƙauyukan Gidan Rumji, Madarunfa, Tasawa da Dakoro, uwar yaron da ya kasa zama, ko bai yi magana ba, ko yake fama da farfaɗiya, takan ɗauki ɗawainiyarsa ita kaɗai, alhali a unguwa ta gaba akwai wata mai irin wannan nauyi. Haɗa su wuri guda ba ya jiran kuɗin kowane proje.

A fara da iyaye biyu da suka yarda da juna. Su sanar da mai gari da liman, sannan su roƙi ungozoma da ma'aikatan likita su isar da saƙo gidajen da suka sani, ba tare da sun ba da sunan kowa ba, domin akwai wadda ba ta shirya a san halin ɗanta ba. Idan an shiga gida, a gaisa sosai, a ce: "Yaya, ina kwana? Ya ƙarfin jikin yaron? Ni ma ina da irinsa a gida." A kira yaro da sunansa, kada a ce gurgu ko bebe.

Tsarin taron ba baƙo ba ne a wannan jiha, tunda a nan ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a 1991: haɗuwa kowane mako, zubi kaɗan, da akwatin ajiya. Mutum takwas zuwa goma sun isa. A zaɓi bayan la'asar a ranar da ba ta kasuwa ba, kuma da damina a mayar da shi sau biyu a wata. Zubin dala ashirin ma ya wadatar, in dai an keɓe shi don kuɗin kabu-kabu ko mota zuwa asibiti. Sharaɗi na farko shi ne sirri: abin da aka faɗa a tabarmar taro ba ya zuwa bakin rijiya.

A ganina, abin da ya fi kuɗin daraja shi ne karɓa-karɓar reno. Yau wannan ta riƙe yaron waccan don ta je gona, ko gaisuwar mutuwa, ko ta samu barcin rana, gobe a rama mata. Kafin nan kowace uwa ta nuna wa sauran yadda ake ɗaukar ɗanta da yadda ake ciyar da shi. Yaron da jikinsa ke sandarewa a zaune ake ba shi abinci, kansa a miƙe, da kunu mai ɗan kauri, kaɗan-kaɗan, saboda ɗura a kwance tana sa abinci ya shiga huhu. Farfaɗiya kuwa ba a ɗaukarta ta miyau. Idan ta tashi, a janye yaron daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali a baki, kuma maganin likita kullum ake sha, ba a tsayar da shi don an ga sauƙi. Wadda ta yi imani iska ce ta taɓa ɗanta kada a yi mata dariya. A yi addu'a tare da ita, a kuma raka ta likita, domin doguwar naƙuda, ciwon shawara na jarirai, sanƙarau da zazzaɓin da ya hau kai suna cikin manyan dalilan naƙasa.

Wadda ta taɓa zuwa babban asibitin Maraɗi ita ce za ta raka sabuwa. Ƙungiya ta san cewa tun 2006 ƙasa ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma asibitin CURE da ke Yamai, wanda aka buɗe a 2010, yana gyara karkatacciyar ƙafa da tsagaggen leɓe. Ƙafar jariri ta fi saurin gyaruwa idan an fara tun makonnin farko. A tabbata kowane yaro yana da takardar haihuwa, sannan iyaye su je wurin daraktan lakwal a ƙungiyance, domin dokar 2019 kan masu naƙasa ta ba yaransu haƙƙin karatu.

Maza ba sa sakin jiki a taron mata, alhali izinin tafiya da kuɗin mota yawanci a hannunsu suke. Sai uba ɗaya mai faɗa a ji ya tara su a majalisa sau ɗaya a wata. Idan taron ya yi wata shida bai yanke ba, a rubuta sunayen mambobi da bukatun yaransu, a kai wa ma'aikatar magajin gari da reshen tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta Nijar, FNPH, da ke Maraɗi.