Kurakuran da muka tafka da muka kai yara bakin teku a Busua

Ni 'yar Kano ce aure ya kawo ni Kumasi, kafin nan babban ruwan da na taɓa gani a rayuwata shi ne dam ɗin Tiga, to da Abban su ya ce hutun nan Busua za mu kai yara, wani ƙauyen masunta kamar kilomita 30 yamma da Takoradi a ƙasar Gana, ni a raina ruwa ai ruwa ne. Sau biyu muka je yanzu, zuwan farko kam mun sha kunya, shi ya sa na ce bari in faɗa muku inda muka yi tuntuɓe.

Babban kuskuren mu mutanen tudu shi ne ɗaukar teku kamar kogi. Igiyar ruwa in ta bugi gaɓa dole ruwan ya nemi hanyar komawa, sai ya taru ya bi wani siririn wuri ya ja ciki da ƙarfi, abin haushin kuma wurin ya fi ko'ina kama da lafiya, ba kumfa, ba hayaniya, ruwan dai ya ɗan yi duhu. Daidai nan na nuna wa yara na ce ku je can ya fi kwanciya! Wani dattijo da ke zaune yana ɗinkin koma ne ya taso yana kaɗa hannu yana faɗa da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na gane, ya kai mu wani gefen da hannunsa. Ana yabon Busua cewa ruwanta ya fi na wurare da yawa a gaɓar Gana sauƙi, duk da haka ku fara tambayar masunta ina ake shiga. Yaro ƙarami ruwa kar ya wuce masa gwiwa, kuma a ware babba ɗaya wanda aikinsa kallo kawai, ba waya a hannu, in ya gaji wani ya karɓe shi da baki, don "na zaci kai ke kallonsu" ita ke jawo kuka. In ruwa ya ja wanda ya iya iyo kar ya yi kokawa da shi ya ce sai ya miƙe zuwa tudu, zai gaji ne a banza, ya yi gefe a jere da gaɓa har ya fita daga jan, ko ya kwanta a saman ruwa ya ɗaga hannu. Tayar robar nan da ake hura wa yara ma kar ku yarda da ita, iska kaɗan ta isa ta tafi da yaro.

Sai kaya. 'Yata babba da dogon hijabi da zane ta shiga, suna jiƙewa suka yi nauyi suka nannaɗe mata ƙafa, igiya ɗaya ta kwantar da ita ta sha gishiri ta ƙoshi. Zuwa na biyu dogon wando da riga mara nauyi da ƙaramin hijabi mai kama kai na ɗinka musu, sutura ta samu ƙafa kuma a sake.

Tabarma ma a bakin ruwa muka shimfiɗa, ba mu san teku na hawa da sauka sau biyu a yini ba, muna sallar la'asar ruwa ya zo ya kwashi takalman yara ya cika kular dafaduka da yashi. Ku duba layin da ruwa ya bar tarkace da ganye, ku zauna sama da shi. Alwala kam ba matsala, ruwan teku ya halatta, sai dai kurkurar baki ce sai a hankali.

A watan Yuni muka fara zuwa, tsakiyar damina, yankin nan kuwa ya fi ko'ina ruwan sama a Gana, kwana biyu muna ɗaki muna kallon juna. Daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi. Ranar Talata kuma masunta ba sa fita teku, tsohuwar al'adarsu ce, in kuna son ɗanyen kifi ku saya tun Litinin. Ku ciro sidi, kuɗin Gana, a Takoradi ko Agona Nkwanta, MoMo, wato biya ta waya, na yi amma in netwok ya ɗauke mai dokunu ba ta san wannan zancen ba. Gidan sauro ku tafi da naku.

Wani abin da na makara ban gane ba, bakin ruwan nan wurin neman abincin mutane ne. Igiyoyin kwalekwale a miƙe suke a yashi, auta ya yi ta tsallake su har ya kife, komar da aka shanya ba a takawa, hoto kuma a gaisa a nemi izini tukuna.

Toh sai maganar kyanwa. Auta ya yi ta kuka "Umma in muka bar ta wa zai ba ta abinci", na biye masa, a kwali muka sa ta ba keji, kuma ban tambayi masaukin ko suna karɓar dabba ba, sai da muka yi ta ban haƙuri. Muna buɗe kwalin ta ji rurin teku ta ga karnukan ƙauye, fit ta taga. In dole sai kun tafi da dabba a yi mata allurar ciwon haukan kare tun a gida, a samu keji na gaske, kyanwa a kulle ta a ɗaki ɗaya da kaskon yashinta da abincin da ta saba. Masu kare kuma a riƙe shi da igiya saboda awaki da kajin mutane, a ba shi ruwan daɗi akai-akai don in ya sha na gishiri amai da zawo ne, da tsakar rana kuma ku taɓa yashin da bayan hannu, in ya ƙona ku to shi ma zai ƙona masa tafin ƙafa.

Kyanwar tamu sai kwana na uku aka gan ta, a bayan murhun wata mata mai bandar kifi, ta yi ɓul-ɓul tana warin hayaƙi, Abban su ya biya kuɗin kifin da ta sata. Zuwa na biyu maƙwabciya muka bar wa ita da makullin kicin.