Yadda ake sauka gangaren kogin Zambezi a fito lafiya

A ƙasan magangarar ruwa ta Biktoriya, inda Zambezi ya raba Zambiya da Zimbabuwe, kogin yana matsewa cikin kwazazzabon Batoka yana tafasa kamar tukunya. Tun 1981 ake ɗaukar masu yawon buɗe ido a nan cikin kwale-kwalen roba mai iska, jagora yana zaune a baya. An kasa ƙarfin gangaren ruwa, wato inda kogi ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu, mataki 6, kuma da yawa daga cikin na Batoka mataki na 5 ne. Kifewa a nan ba labari ba ce, kusan kullum ana yi. Ga yadda za ka shirya mata.

Da farko duba lokaci. Daga Agusta zuwa Disamba ruwa yana ja baya, duwatsu su fito, gangaren ya fi zafi. Wajen Afrilu da Mayu kuwa ambaliya kan sa a dakatar da harkar.

Na biyu, kafin ka biya ko sisi a garin Livingstone na Zambiya ko a tsallaken kogin a Zimbabuwe, yi tambaya. Shekara nawa jagoran ya yi a wannan kogin? Akwai masu ƙananan kwale-kwalen ceto da ke bin ku? Idan mutum ya karye a ƙasan kwazazzabo, yaya za a fito da shi? Ka tabbatar inshorar tafiyarka ta haɗa da wannan wasa, don wasu suna cire shi. In kana da ciwon zuciya, asma ko farfaɗiya, faɗa musu. Mai juna biyu ta haƙura.

Sai kaya. Hular kwano ta zauna daram. Rigar ceto kuma a ɗaure ta tamau, har in aka ja kafaɗunta sama ba za ta haye kunnuwanka ba. Mu da muka saba ganin an cika jirgin ruwa a kogin Neja babu ko riga ɗaya, muna raina ta; nan ba wurin raini ba ne, ko da kai ɗan Sarkin Ruwa ne. Filafili kuwa, kada tafin hannunka ya bar kansa, domin shi ke fasa wa maƙwabci baki.

Yanzu ga inda maganar take: ka faɗa ruwa. Zuciyarka za ta ce ka miƙe tsaye. Kada ka yi. Ƙafa takan maƙale tsakanin duwatsu, ruwa ya danne mutum ta baya ya kifa shi, kuma ko da ruwan iya ƙugu ne ba zai iya tashi ba. Kwanta rigingine, ƙafafu a sama suna kallon inda ruwa ya nufa, su riƙa tokare maka dutse. Ja numfashi a tsakanin igiyoyin ruwa, ba a kansu ba. In ka tsinci kanka ƙarƙashin kwale-kwalen, dafa shi da hannu ka bi gefe ɗaya har ka ɓullo, kada ka riƙa canja shawara. In an jefo maka igiya, kama igiyar kanta, ba jakar da ake jefo ta a ciki ba, ka ɗora ta a kafaɗa kana rigingine. Kada ka naɗe ta a wuyan hannu ko kusa. Idan kai ne a cikin kwale-kwalen, ta kafaɗun riga ake jawo mutum, ba ta hannu ba.

Ji maganar jagora ko da ba ta yi maka daɗi ba. Kowane gangare a Batoka yana da lambarsa; a na 9 ana sauke fasinja su zagaya da ƙafa ta kan duwatsu. Haka nan kada ka tsunduma iyo a inda ruwa ya kwanta sai ya ce a yi, saboda akwai kada.

Abin da mutane ke mantawa shi ne fita. Bayan yini guda ana tuƙi cikin rana, sai an hau gangaren kwazazzabon da ƙafa, tsayin fiye da mita 100. Sha ruwa tun kafin ƙishi ya zo, sa takalmi mai maɗauri maimakon silifa, kuma ka rage ƙarfi don wannan hawan.